Icce Na Wane Ne? Darasi Daga Gonakin Maraɗi Da Damagaram

 

Ya ƴan'uwa masallata da ɗalibai, wani dare bayan karatun magariba wani ɗalibinmu ya yi mana tambaya. Ya ce: "Allah gafarta Malam, iccen da ya fito da kansa cikin gonar mutum, ba shi ya shuka ba, ba shi ya ba shi ruwa ba, na wane ne?" Muka ce masa a fiƙihu amsar gajera ce, icce yana bin ƙasar da ya tsaya a kanta, mai gona shi ne mai icce. Sai wani dattijo da ke zaune a gefe ya yi dariya, ya ce: "Malam, da a zamanin samartakarmu ka faɗi haka, da kai ma an ci ka tara."

Dattijon gaskiya ya faɗa. Wannan ƴar tambaya kuwa, wato icce na wane ne, ita ce ta kusa mayar da ƙasarmu hamada, kuma gyara amsarta ne ya dawo mana da inuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kanta a wannan fitowa.

Yadda gonaki suka zama fili

Manyanmu sun san darajar icce tun kafin zuwan Nasara. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19, cewa ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sun san abin da suke karewa. Gawo icce ne da Allah ya yi shi saɓanin sauran: yana kakkaɓe ganyensa da damina, sai hatsi ya samu rana da taki a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi ganye ya ba da inuwa, ƴaƴansa su zama abincin bisashe a lokacin da ciyawa ta ƙare. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili cika.

Da Turawan Faransa suka zo, a 1935 suka fitar da dokar daji ga ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Daji ya koma hannun hukuma, aka kuma ware wasu itatuwa aka ce ba mai taɓa su sai da izini. Bayan mun samu ƴancin kai, dokar daji ta 1974 ta bi wannan sawu, gawo na cikin itatuwan da aka hana. Niyyar dai mai kyau ce, ana son kare icce. To amma ku dubi yadda abin ya kasance a ƙauye. Icce na tsaye tsakiyar gonar mutum, gonar da ya gada kaka da kakanni, amma in ya sassaƙe reshe don ya gyara rumbu, ma'aikacin gandun daji na iya cin sa tara. In wani ya zo cikin dare ya sare, da safe mai gona za a fara tuhuma. In kuma baƙo ya zo da takardar izini daga gari, yana iya sare iccen mai gona na kallo.

Don Allah, in kai ne, me za ka yi? Sai manomi ya gane cewa icce a gona fitina ce. Duk tsiron da ya fito, tun yana ƙarami ake tumɓuke shi lokacin sassabe, a tara a sa wuta. A wancan zamani kuma masu koyar da noma suna cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, don gyaɗa da garmar shanu su samu hanya. Har ya zama wanda ya bar kalgo da sabara a gonarsa ana yi masa kallon malalaci.

Sai fari ya zo, na 1973 da 1974, sannan na 1984, yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari. Wanda ya ga lokacin ba ya mantawa. Iska na tasowa ba abin da ke tare ta, rairayi ya binne shuka, mutum ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare. Iyayenmu mata na yin tafiyar rabin yini neman iccen girki, wasu su koma ga kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

Hukuma da ƙungiyoyin waje ba su zauna ba. An kashe kuɗi mai yawa, an yi gandayen renon itatuwa, an dasa dubbai a filayen da aka ce na gari ne. A 1984 ma a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, zamanin Shugaba Seyni Kunce. Amma yawancin abin da aka dasa bai rayu ba. Awaki sun ci, rani ya ƙone saura. Dalili kuwa a fili yake: iccen da aka ce na kowa ne, ba wanda zai tashi cikin zafin rana ya kai masa ruwa, ba wanda zai yi faɗa da maƙwabcinsa a kansa.

Sassabin zamani

Abin da ya kawo sauyi yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu. Itatuwan da aka sare ba su mutu ba, kututturansu da saiwoyinsu na raye cikin ƙasa, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sassabe tohon. A wajen 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura da haka, ya shiga jan hankalin manoma. Adalci ne mu ambace shi ko da addini ya raba mu, kamar yadda adalci ne mu ce wasu manoma, musamman a kudancin Damagaram, ba su taɓa barin renon gawo ba.

Aikin ba shi da wuya. In ka zo sassabe, sai ka duba kututture, ka zaɓi toho biyu ko uku ko har biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran, ka rage musu rassan ƙasa. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, cikin shekara uku ko huɗu sai ka ga icce ya fi ka tsawo. Ba kuɗi, ba ban ruwa, wuƙa ko ɗan gatari ya isa. Wannan shi ne abin da ake kira sassabin zamani.

To ga inda darasin yake. A yunwar 1984 an haɗa wannan aiki da rabon abinci: ka bar icce a gonarka, a ba ka hatsi. Mutane suka bari. Da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Dabarar tana hannunsu, sun ma ga amfaninta, amma zuciya ba ta natsu ba, don har lokacin ba su tabbata iccen nasu ne ba. Abin bai kama ƙasa ba sai da abubuwa suka sassauta. A yankin Maraɗi an samu fahimta da ma'aikatan gandun daji cewa wanda ya reni icce a gonarsa zai ci moriyarsa ba tare da tara ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma hannun hukuma ya yi sauƙi a ƙauyuka. A 1993 aka kafa Kundin Dokokin Karkara, a 2004 aka yi sabuwar dokar daji, a 2020 kuma aka fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani wadda ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen da ya rena.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekara 2000 sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, wajen icce miliyan 200. Abin mamaki, a wannan tsakani jama'a ƙaruwa suka yi ninki, ba raguwa ba. Da ana cewa yawan mutane ne ke cinye daji. Sai ga shi a wuraren da mutane suka fi cunkoso, irin su Magarya da Matamai da Agye, nan itatuwa suka fi dawowa. Ashe abin dubawa shi ne yadda mutanen ke zaune da junansu, da irin hukuncin da ke kansu.

Doka ita kaɗai ba ta tsaron gona

Takarda na iya cewa icce naka ne, amma takarda ba ta kwana a gona. Mutum ɗaya in ya reni itatuwa shi kaɗai a gari, gonarsa ce za ta zama wurin yin iccen kowa. Zai yi gadi dare nawa? In ya kama mai sara kuma, sai ya tarar ɗan ƙanwarsa ne, ko surukin maigari. Kunya ta hana shi magana, shekara mai zuwa shi ma ya sare abinsa ya huta.

A nan ne labarin garin Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, ya zama abin koyi. Mutanen garin sun zauna sun yi wa kansu ƙa'ida, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka yanke abin da za a yi wa wanda ya yi sara a gonar wani. Abin da ya fi burge mu shi ne waɗanda aka sa a ciki. An sa mata, don su ne masu neman iccen girki. An sa Fulani makiyaya da ke zaune a yankin, don su ne masu bukatar ganye da ƴaƴan gawo da rani. Da an bar su a waje, da dokar ta zama ta wasu a kan wasu, kuma dokar da aka yi ba da kai ba, ba ka jin kunyar karya ta. Amma wanda aka zauna da shi aka yanke magana, in ya saɓa, idon jama'a kaɗai ya ishe shi horo.

Mun kuma san abin da ke faruwa in zumunci ya lalace. Manya ba su manta da Toda ba, a ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye mu da sake ganin irinsa. Inda aka kai ga haka, wa zai tsaya renon icce? Makiyayin da aka cinye masa burtali, aka noma mashayarsa, ba zai tausaya wa gawon manomi ba. Manomin da aka sakar wa shanu cikin hatsi kafin ranar sakin gonaki, shi ma ba zai bar ƴaƴan gawonsa ga bisashen wani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ne dokar 1993 ta tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, a shata burtali, a rubuta ciniki da aro da jinginar gona, a sa sarakuna da wakilan manoma da makiyaya da mata. Inda aka riƙe su da gaskiya sun kashe wuta da yawa tun tana hayaƙi. Inda mai kuɗi ya saye su kuwa, sun zama wata sabuwar ƙofar zalunci.

Abin da magabata suka gani

Ɗalibanmu su sani wannan babi ba baƙo ba ne a littattafanmu. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan raya mataccen fili, da hurumin rijiya da na gari, da kuma himā, wato filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. A jahiliyya mai ƙarfi ne ke keɓe wa kansa makiyaya ya hana kowa. Musulunci ya rushe wannan, ya bar keɓewa don amfanin al'umma kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya keɓe Rabaza.

Ku duba cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, can wajen ƙarshe, za ku ga wasiyyar da Umar ya yi wa baransa Hunayyu da ya ɗora shi a kan himā. Ma'anarta a taƙaice: ya umurce shi da sassauci ga mutane da tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya ce a bar masu ƴan dabbobi kaɗan su shiga, a tsare garken manyan attajirai, har ya kira sunan Abdurrahman ɗan Aufu da Usmanu ɗan Affan. Hujjarsa ita ce su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa. Ku lura, waɗannan biyun suna cikin mafifitan sahabbai, amma girmansu bai sa an buɗe musu abin jama'a ba. Mu kuwa sau nawa muke ganin an kama tsohuwa da ɗan ƙunshin icce a ka, mota cike da gumagumai ta wuce da sallama?

A ƙasar Hausa ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar fili, ya kawo waɗannan babuka. Kalmar hurumi da muke faɗa kullum daga wannan fiƙihu ta fito. Magabata sun gane abubuwa biyu tare: abin da yake na mutum a tabbatar masa, abin da yake na jama'a a tsare shi daga mai ƙarfi. Dokar da ta ƙwace icce daga mai gona ta karya na farko. Shugaban da ya sayar da makiyaya ko ya raba burtali ga mutanensa ya karya na biyu. Kowanne aka karya, ƙasa ce ke biya.

Inda gyara ya rage

Kada mu ɗauka aiki ya ƙare. Akwai wurare uku da ɗaki ke yoyo har yanzu.

Na farko, gonar aro da ta jingina. Mai aro ba ya renon icce, don bai san ko baɗi gonar na hannunsa ba. Mai gona shi ma ba ya so, yana tsoron kada icce ya zama hujjar mallaka gobe. Sai gona ta zauna tsirara tsakanin tsoro biyu. Maganin mai sauƙi ne: a yi magana tun farko gaban shaidu, a rubuta, gona ta wane ce, icce na wane ne, mai aro zai ci reshe da ƴaƴa har tsawon zamansa. Addininmu ya riga ya koya mana rubuta mu'amala.

Na biyu, mata. Su ne suka fi kowa wahala in icce ya ƙare, su ne kuma ake hana wa gadon gona a gidaje da yawa, a ce wai ƙasa ba ta mace ba ce, a ba ta ɗan kuɗi ko a ce ta haƙura. Wannan al'ada ce, ba shari'a ba. Allah ya yanka mata rabonta, a gona kamar a sauran dukiya. Matar da ba ta da gamana ko taki ɗaya, a ina za ta yi icce in ba a gonar wani ba? Mun hana ta halal, sannan muna kiranta mai ɓarna.

Na uku, mu kanmu malamai. Wannan ba za mu ɓoye ba. Makarantun allo da yawa har gobe da wutar icce ake karatun dare da na asuba, kuma almajirai ake aikawa su samo. Mun taɓa tambayar yaro daga ina ya samo? Yaro ɗan shekara goma ba ya bambanta busasshen reshe da tohon da wani bawan Allah ya yi shekara biyu yana reno. Mu ma a makarantarmu an taɓa kawo mana ƙara irin wannan. Mai gonar ya zo da ladabi, ya ce: "Malam, ba don ku ba ne da na kai magana gaba." Wallahi kunya ta kama mu, don mun ga girman da yake ba ilimi ne ya sa ya haɗiye haƙƙinsa. Karatun Alƙur'ani a hasken iccen da aka ɗauka ba da yardar mai shi ba, wace albarka muke nema a ciki? Tun daga ranar muka nemi fitila mai aiki da hasken rana, muka kuma ce ba yaron da zai shiga gonar wani da gatari.

Abin da muke roƙo

Ga masallata: in lokacin sassabe ya zo, kowa ya bar toho a gonarsa gwargwadon abin da za ta ɗauka, ya kuma yi magana da maƙwabtansa na gabas da yamma, don tsaron icce aikin gayya ne. Mazauna birni kuma, mu da ke sayen icce da gawayi, mu riƙa tambayar inda aka samo, kada arha ta sa mu zama kasuwar ɓarawo.

Ga masu gari da limamai da duk wanda ake kawo wa ƙara: in za a zauna kan maganar daji ko burtali ko rijiya, a kira ardo, a kira wakiliyar mata, a kira samari. In an yanke tara, ta hau kan ɗan maigari kamar yadda take hawa kan baƙo, kuma a faɗa wa jama'a inda kuɗin ya shiga. Ranar da aka ɗaga wa wani ƙafa don girmansa, ranar dokar ta mutu, ko da ba a sanar ba.

Ga ɗalibai: ku koma babin raya mataccen fili da babin ƙwace da na aro, ku karanta su da idon garinku. Ranar Alhamis da ba karatu, ku sami wani tsoho ya zagaya da ku gona, ya nuna muku kalgo da sabara da aduwa da magarya, ya gaya muku yadda wurin yake a 1984. Ku tambaye shi wane ne ya fara barin icce a garin, da abin da mutane suka ce masa a lokacin.

Shi kuma ɗalibin da ya yi tambaya, ga cikon amsarka. Icce na mai gona ne a hukunci. Amma ba zai tsaya masa ba sai hukuma ta tabbatar masa, maƙwabci ya ji nauyinsa, shi kuma ya tuna cewa akwai haƙƙin makiyayi da na mabukaci a cikin abin da Allah ya ba shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya daidaita tsakanin manomanmu da makiyayanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah ya yafe mana. Allah ne mafi sani.